An ce sai an sa ƙarfe: abin da majinyaci zai sani kafin ya biya kuɗin sukuru

Titin da ya taso daga Kwangila ya ratsa Samaru ya nufi Shika ba ya raina ƙafar kowa. Tirela da bas da keke-napep da ɗan acaɓa duk a kansa suke rububi, ga ɗalibai na tsallakawa, ga 'yan kasuwa da kaya a ka. Haka abin yake a PZ da bakin kasuwar Sabon Gari. In tsautsayi ya faɗa wa mutum aka garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko aka wuce da shi asibitin ƙashi na Dala a Kano, bayan an ɗauki hoto maganar da dangi suka fi tsoro ita ce: sai an sa ƙarfe. A asibitocinmu da dama kuma dangin ake miƙa wa takarda, an jera sunayen ƙarafa da lambobi, a ce su biya ko su nemo.

A nan ake tsayawa a baranda ana shawara. Ƙani ya dubi wansa ya ce, "Yaya, sukuru takwas fa aka rubuta, kuma wai kowanne da kuɗinsa. Ba za a iya yi da shida ba? Kuma me ya sa na Baba ya ninka na wancan yaron tsada, alhali duk ƙafa ce?" Tambayar ba ta rowa ba ce, ta wanda aljihunsa ya jigata ce. Amma amsarta tana cikin siffar sukurun da kuma irin ƙashin da za a ɗaura shi a ciki, kuma wanda ya gane wannan ya san inda zai nemi sauƙi da inda ba a taɓawa.

Da farko ka cire wa ranka cewa ƙarfe ne ke warkar da karaya. Jiki ne ke haɗa ƙashi da ikon Allah, ƙarfe riƙewa kawai yake yi kada gutsattsarin su motsa kafin su kama. Filetin da ake shimfiɗawa a bayan ƙashi kuwa ba shi da wani abin da ya manne shi sai sukuru. Sukuru ya saki, aikin duka ya saki.

Ƙashi kala biyu ne, kuma duk wanda ya taɓa zama da ƙashin miya a hannu ya ga duka biyun. Tsakiyarsa bango ne mai tauri da ya kewaye ɓargo, haƙori ba ya iya masa komai. Kawunansa kuwa, wajen gaɓa, ramuka ne ƙanana birjik, kana taunawa suna rugurgujewa. Na mutum ma haka yake. Je ka wajen kafinta a Sabon Gari ka ga yadda yake zaɓen sukurun da zai ɗaura hinjin ƙofa: in katakon maɗaci ne, sai ya huda tukuna, ya sa mai ƙananan haƙora, ya kama gam. In kuwa allon nan ne na garin katako da aka matse, sai ya nemi mai manyan haƙora masu tazara, kuma ko da haka ya san in ya ƙara murɗa ɗaya bayan ya kama, ramin ya cinye, sukurun ya dinga juyawa a banza. Matsalar da likitan ƙashi ke fama da ita ke nan a ɗakin tiyata, sai dai shi katakonsa mai rai ne.

Yanzu ɗauko takardar mu duba lambobin. In ka ga 4.5, kaurin sukurun ke nan da milimita, har da haƙoransa. Wannan shi ne na bango mai tauri, wanda likitoci ke kira kotikal, ana sa shi a tsakiyar cinya da ƙwauri. Gangar jikinsa, wato abin da ya rage in ka debe haƙoran, kimanin milimita 3 ce, tsakanin haƙori da haƙori kuma milimita 1.75. Haƙoran ba su da zurfi, amma suna kusa da juna, domin bangon ƙashi ba shi da kauri sosai, ana so haƙora da yawa su samu shiga cikinsa. Ƙanensa shi ne 3.5, na ƙasusuwan hannu da na gefen idon sawu, tazarar haƙoransa 1.25.

In kuwa ka ga 6.5, wannan na kan ƙashi ne mai ramuka, shi ake kira kansalos. Gangarsa ba ta fi ta wancan na 4.5 kauri ba, ita ma wajen milimita 3 ce a inda haƙoran suke. Duk ƙarin da aka yi masa a haƙora ya tafi: zurfinsu ya ninka na wancan fiye da sau biyu, tazararsu kuma 2.75. Dalili shi ne, abin da ke hana sukuru zarewa ba ƙarfin ƙarfen ba ne, naman ƙashin da ya shiga tsakanin haƙoran ne. Idan aka fizgi sukuru ya fita, ba shi ke karyewa ba, ƙashin da ke tsakanin haƙoransa ne ke yagewa ya biyo shi. To ƙashi mai ramuka ba shi da ƙarfi, sai an ba kowane haƙori yanki babba ya rungumo. Ko fuskar haƙoran ba iri ɗaya ba ce. Ɓangaren da ke kallon tsini an yi shi da gangare don ya shige cikin sauƙi, ɓangaren da ke kallon kan sukurun kuma a tsaye yake, ya tokare ƙashi in an ja baya.

Abu uku ke nan ke ba sukuru riƙo: kaurinsa, yawan haƙoran da suka shiga ƙashi, da ingancin ƙashin kansa. Biyun farko a hannun likita suke. Na ukun majinyacin ne ya zo da shi daga gida, kuma shi ya fi nauyi a ma'auni. Sukuru ɗaya tak, kamfani ɗaya, zai kama ƙwaurin ɗan shekara 25 ƙam, ya yi sako-sako a ƙugun tsohuwa 'yar shekara 75.

Akwai abu biyu da ke tayar wa dangi hankali in suka ɗaga hoton bayan aiki a hasken taga. Na farko, sai su ga tsinin sukuru ya huda ƙashin ya leƙo ta ɗaya gefen. Ba kuskure ba ne. An fi so sukuru ya kama bangon kusa, ya ratsa ɓargo, ya kama bangon nesa, har tsininsa ya ɗan wuce da milimita ɗaya ko biyu, domin haƙoran da ke daf da tsini ba cikakku ba ne. Wanda ya tsaya a bango ɗaya rabin aiki ya yi. Shi ya sa ma likita ba ya iya faɗa maka tsawon kowane sukuru kafin a shiga tiyata: sai ya huda, ya zura ma'auni a ramin, sannan ya san na milimita 32 zai ɗauka ko na 36. Na biyu, sai su ƙirga ramukan fileti su ga goma, sukuru kuma takwas, ramukan tsakiya a buɗe. Nan take a fara zargin an ɓoye biyu. Galibi ramukan da ke daidai kan karayar da gangan ake barinsu, don babu lafiyayyen ƙashin da sukuru zai kama a wurin, kuma barin wannan tazara na raba nauyi a kan tsawon filetin maimakon ya taru a wuri guda. Abin da za ka ƙirga shi ne sukuru nawa ke sama da karayar, nawa ke ƙasa. A ƙasusuwan da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu an saba sa uku kowane gefe, a cinya kuwa aƙalla huɗu. Ga amsar mai neman a yi da shida maimakon takwas: in cinya ce, kowane sukurun da ka rage, nauyinsa kan sauran zai koma.

Za ka iya ganin wani sukurun da haƙoransa a ƙarshe kawai suke, tsawon milimita 16 ko 32, sauran jikinsa sumul. Ba cinyewa ya yi ba. Aikinsa ya jawo gutsure biyu su haɗe: haƙoran su kama gutsuren nesa, sumul ɗin ya zame ta cikin na kusa, kan sukurun ya danno shi, ana murɗawa suna matse juna. Da haƙoran sun kama duka biyun, da sun riƙe tsagar a buɗe yadda suka same ta. Irinsa ake sawa a idon sawu. A wuyan ƙashin cinya, inda tsofaffi suka fi karyewa in sun zame a banɗaki, akan sa guda uku masu rami a tsakiya, waɗanda ake zurawa ta kan siririyar waya ana kallo a na'urar hoto.

Sai babbar magana, wadda kuɗi ya fi shiga: fileti na gama-gari ko mai kulle. A na gama-gari, sukuru danna filetin yake yi a jikin ƙashi, matsewar nan ce ke riƙe komai. Muddin ƙashi na da taurin da zai bari a ɗaure sosai, lafiya lau. In ƙashin ya yi laushi, sukurun ba ya samun abin da zai ja, ya fara lilo a raminsa, na kusa da karaya ya saki, na bayansa ya bi, ɗaya bayan ɗaya. Mai kulle kuwa, wanda ya yaɗu daga wajen shekarar 2000, kan sukurun ma haƙora gare shi, ramin filetin ma haka, sai su ɗaure da juna su zama abu guda. Sukurun ba ya iya karkata shi kaɗai. In za su fita sai dai su fita gaba ɗaya, wannan kuwa ya fi wuya nesa ba kusa ba. Da yake nauyi a gicciye yake sauka a kansa, an yi masa ganga mai kauri: na 5.0 gangarsa wajen 4.4 ce. Bambancin 3 da 4.4 kamar ba wani abu ba ne a ido, amma juriyar lanƙwasa ba a miƙe take hawa ba, kaurin ake ninkawa a kansa sau uku. Lissafa ka gani: 27 da 85. Ya ninka shi sau uku ke nan.

To wa ya kamata ya biya wannan tsadar? Ra'ayina, kuma likitoci da yawa za su gaya maka haka in ka tambaya da ladabi: saurayi mai ƙashi garau da ya karye a tsakiyar hannu, karaya ɗaya mai tsabta, fileti na gama-gari ya ishe shi, kuɗin mai kulle gara ya ajiye su don abinci da gashin ƙashi. Amma Hajiya da ta karye a wuyan hannu ko kafaɗa ko daf da gwiwa, ko wanda ƙashinsa ya dagargaje kusa da gaɓa har gutsuren da ya rage gajere ne, a nan kulle ba ƙawa ba ne. Kada kunya ta hana ka. Ka ce, "Ranka ya daɗe likita, wannan karayar dole sai mai kulle, ko na gama-gari zai riƙe?" In ya ce zai riƙe, ka samu sauƙi ta hanyar da ta dace. In ya ce ba zai riƙe ba, a haɗa kuɗi a dangi, don aiki na biyu ya fi na farko tsada da wahala. Ka kuma sani cewa karayar tsakiyar cinya da ƙwauri sau da yawa ba fileti ake sa mata ba, doguwar ƙusa ake zurawa ta cikin ɓargo a kulle ta da sukuru sama da ƙasa, kuma ita takan ba da damar taka ƙafa da wuri.

Waɗannan lambobi ba a Zariya aka ƙirƙire su ba, ba kuma kowane kamfani ke yanka nasa ba. A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da Arbuthnot Lane ke ɗaure karaya da sukuru a Landan, ƙarfen na yin tsatsa a jiki ya saki. A 1958 wasu likitoci a Suwizalan, cikinsu da Maurice Müller da Martin Allgöwer da Hans Willenegger, suka kafa ƙungiyar da aka sani da AO, suka daidaita girman sukuru da na abin huda shi da yadda ake ɗaurawa: sukurun 4.5 a huda masa da 3.2, na 3.5 a huda masa da 2.5. Har yau da waɗannan ma'aunai ake aiki.

In ya kasance kai za ka nemo kayan, ka riƙe takardar likita kamar yadda ya rubuta, harafi da harafi. Mai sayarwa ya ce babu 4.5 amma ga wani kusan irinsa, kira likita kafin ka miƙa kuɗi. Sukuru mai kulle na wani kamfani ba lalle ya ɗauru a filetin wani kamfanin ba, ko da lambar ɗaya ce, don haka a saye su tare daga tushe ɗaya. Ƙarfen ma iri biyu ne, baƙin ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316L da kuma taitaniyam, kowanne na da kyau, amma ba a son a gauraya su a aiki ɗaya domin haɗuwarsu a cikin ruwan jiki na iya jawo zaizaya. Duba jikin filetin, ya kamata ka ga sunan kamfani da lambar da aka zana a kai. Wanda ba shi da suna ba shi da lamba, bar shi a kanta komai araharsa. Haka wanda aka ciro daga jikin wani aka wanke: zai yi ƙyalli kamar sabo, amma ya riga ya ɗauki nauyin wata da watanni, kuma tsagar gajiyar ƙarfe ido ba ya ganinta. Kada ka buɗe ledar don nuna wa 'yan dubiya, miƙa ta yadda take. Bayan aiki kuma ka roƙi a rubuta maka sunan kamfanin da irin ƙarfen, ka adana tare da hotunan. Ramin kan sukuru iri-iri ne, wani mai kusurwa shida, wani mai siffar tauraro, kuma ranar da za a cire, wataƙila a wani asibitin daban, likitan na bukatar sanin wane sukundireba zai tanada.

Kafin a shiga tiyata, faɗa wa likita gaskiyar abin da ke raunana ƙashi ko hana shi haɗewa. Ciwon suga, sikila, shan sigari ko shisha, da daɗewa ana shan ƙwayoyin nan irin su dekza, waɗanda wasu ke sha don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi. In an fara zuwa wajen mai ɗori, faɗi kwana nawa aka yi da abin da aka shafa. Ba don a yi maka faɗa ba ne, wannan bayanin na iya sauya irin ƙarfen da zai zaɓa.

Daga ranar da aka fito tiyata tsere ya fara tsakanin ƙashi da ƙarfe. Kowane taku na ɗan lanƙwasa fileti da sukuru, lanƙwasar da ido ba ya gani, mutum kuwa dubban taku yake yi a yini. In ƙashi ya haɗe da wuri, ya karɓi nauyin, ƙarfe ya huta. In ya yi jinkiri, ko aka ɗora masa nauyi tun bai shirya ba, ƙarshenta ko sukuru ya zare ko fileti ya karye daidai kan wani rami. Babu ƙarfen da aka ƙera da zai jure wannan har abada, ko daga Jamus aka kawo shi. Haɗarin kuwa ya fi yawa a mako na huɗu zuwa na takwas, lokacin da ciwo ya lafa, aka cire zare, majinyaci ya ga kamar ya warke. Ƙwaurin babban mutum kan ɗauki wata uku zuwa huɗu ko fiye kafin ya haɗe, cinya ma haka. Rashin jin zafi ba shaida ba ce, hoto ne shaida.

Don haka ka tambaya dalla-dalla kafin a sallame ku: kada a taka sam, ko a ɗan dafa ƙasa da yatsu, ko a taka da rabin nauyi, kuma har zuwa yaushe? Sannan ka dubi gidan da za a koma. Banɗakin tsuguno babban abokin gaba ne ga wanda aka yi wa aiki a ƙugu ko gwiwa, a nemi kujerar da aka huda ko a sa kafinta ya haɗa. A ɗaga masa shimfiɗa daga ƙasa, don tashi daga tabarma na murɗa ƙafa fiye da tafiya. Ya yi sallarsa a zaune a kujera har likita ya ba da izinin durƙuso, addini ya yi rangwame a nan. Ranar komawa asibiti a ɗauki shatar mota ko keke-napep, kada a ɗora shi a bayan babur, don birki ɗaya a Samaru zai sa ya kai ƙafar ƙasa da dukkan nauyinsa ba tare da ya shirya ba. Kada kuma wani dattijo mai kyakkyawar niyya ya kawo mai ɗori ya ja ko ya murza ƙafar da ke da ƙarfe. Motsa gaɓoɓi aikin likitan gashi ne, kuma a je, don gwiwar da aka bari ta sandare wata sabuwar jinya ce. Abinci kuwa ba sai na masu kuɗi ba: wake, awara, ƙwai, kifi, nono, zogale, da ɗan zama a hantsi.

Ɗan tsami da ƙafa ke yi lokacin hunturu, wanda masu ƙarfe a jiki ke yawan kuka da shi, ba abin tsoro ba ne. Abin da za ka koma asibiti a kansa ba tare da jiran ranar da aka rubuta ba shi ne zafin da ya dawo bayan ya tafi, ƙafa ta fara karkata ko ta gajarta, jin ƙas a ciki, kan sukuru ya taso ana taɓa shi a ƙarƙashin fata, ko wurin ɗinki ya yi ja ya kumbura yana fitar da ruwa, balle da zazzaɓi. Ƙwayar cuta in ta samu ƙarfe tana cinye ƙashin da ke kewaye da haƙoran, a hoto sai a ga baƙin zobe ya kewaye sukurun. Ba ciwon da za a kashe da kafso daga kemis ba ne, kuma kowane mako da aka ɓata na rage ƙashin da sukuru na gaba zai kama.

Cire ƙarfe ba dole ba ne. In bai dame ka ba, musamman ga mai shekaru, barinsa ya fi, kuma ba ya ruɓewa a jiki. In za a yi hoton MRI dai ka faɗa musu akwai shi, ka nuna takardar nan da ka adana. In kuwa yana gogar fata ko yana hana gaɓa motsi, ko yaro ne mai girma, likita zai sa lokaci, galibi ba ƙasa da shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, na hannu ma yakan kai biyu. Bayan an cire, kowane sukuru ya bar rami a bangon ƙashi, kuma ta kan irin wannan ramin ake sake karyewa. Ƙwallo, ɗaukar buhu da tuƙa babur su jira aƙalla mako shida, ko iya abin da likitan ya yanke bayan ya duba sabon hoto.